Abin da Na Kwafe a Bayan Kaye

Mun shekara shida da aure ba mu samu haihuwa ba, kuma a gidanmu kowa ya riga ya yanke cewa daga matata ne. Ba a taɓa zama an faɗa ba. Sai dai duk wanda ya zo da labarin magani, ɗakinta yake nufa. Inna, mahaifiyata, ita ke jiƙa sauyoyi a tsohuwar gorar ruwa, ta miƙa mata da safe kafin karin kumallo. Matata ta karɓa da hannu biyu, ta shanye, ta yi godiya. Akwai wani baƙin jiƙo da aka kawo daga wajen Guéné, wanda in ta sha sai ta wuni dafe da ciki, leɓenta a bushe. Ina gani. Nakan ɗauki hulata in tafi kasuwa.

Ni littattafan soyayya ne suka rene ni. Tun ina lakkol, wato makarantar boko, nake karɓar hayarsu wurin wani tsoho da ke baza su a kan buhu kusa da tasha, waɗanda direbobi ke shigowa da su daga Kamba, bangonsu duk ya sha hannu. Duk maganar da ta taɓa min zuciya sai in kwafe ta a kaye, irin littafin rubutun 'yan lakkol mai shuɗin bango. Da wannan kayen na nemi aurenta. Ba ni da bakin tsayawa gaban mace in tsara zance, don haka nakan ba ta shi ta tafi gida ta karanta, ta dawo min da shi yana ƙamshin turarenta. Bayan aure kayen ya samu wurin zama a saman kwabarmu, kuma na san takan sauko da shi da hantsi in ta gama aiki. Ta yi lakkol har aji shida. Tana karanta Hausa da Faransanci a hankali, da yatsa a kan layi.

Akwai abin da na sani wanda ban faɗa wa kowa ba. Ina da shekara goma sha bakwai na yi hangum, kumatuna suka kumbura, yara na yi min dariya. Bayan kwana biyar kumburin ya sauka ƙasa, wurin da saurayi ba ya nuna wa uwarsa. Na yi mako guda ina tafiya kamar mai ɗauke da tulu, na ce zazzaɓi ne. Ya wuce, na manta. Sai a shekara ta biyar da aurenmu na ji wani likita a rediyo yana cewa irin wannan ciwon yakan taɓa haihuwar namiji. Ina cikin ɗaure bakin buhun albasa lokacin, igiyar ta kuɓuce min.

Ina son in bincika, amma wayata ba tawa ba ce ni kaɗai. A rumfarmu ni da yayana muke, muna sayar da albasa buhu-buhu ga 'yan Kwatano. Wayarsa ba ta ɗaukar hoto mai kyau, saboda haka tawa yake amfani da ita ya aika wa masu saye hoton kaya. In na koma gida Inna za ta ce a kira mata ƙanwarta a Gaya, 'ya'yan yayana su karɓa su kalli wasa. A wurinmu wanda ya sa wa waya kodi, wato lambar sirri, ya hana ɗan'uwansa, ya yi abin da za a daɗe ana maganarsa. Duk da haka wata ranar Talata da kasuwa ba ta ci, na zauna bayan buhuna na rubuta tambayata da Faransanci. Na karanta kaɗan, na goge.

Bayan kwana biyu yayana na riƙe da wayar yana neman farashin kaya, sai na ji ya tuntsire da dariya.

“Kai, zo ka ga mi wayarka ke talla. Maganin ƙarfin maza! Ko asirinka ne ya tonu?”

Masu dako biyu da ke wurin suka taya shi dariya. Ni ma na yi, na ce ai tallar ga kowa take fitowa. Amma na ga hoton: mace da miji riƙe da jariri, da kwalbar magani a gefe, da rubutu a ƙasa kan rashin haihuwar maza. Yayana bai karanta rubutun ba, hoton kwalbar kawai ya gani. A ranar na gane cewa gogewar da na yi ba ta goge komai ba.

Akwai wani mai gyaran waya a bakin hanyar da ta nufi gadar gulbin da ke tsakaninmu da Gaya, Bazabarme ne, sa'ana, kullum da safe yake ƙetarowa daga Gaya da jakar kayan aikinsa, ya koma da yamma. Shi na zaɓa saboda ba a garinmu yake kwana ba. Na jira har rumfarsa ta zama babu kowa, bayan azahar.

“Fofo, tsohon ango,” ya ce, yana gaishe ni da harshensu. “Mi ka fasa kuma?”

Na ce ban fasa komai ba. Na ce ina son in riƙa duba abu a intanet ba tare da wayar ta riƙe ba, ba kuma tare da talla ta biyo ni ba.

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. “Yarinya ce?”

“Ba yarinya ba ce.”

“Duk haka kuke cewa, ku masu karatun soyayya.” Ya ci gaba da dubana, sai dariyar ta bar fuskarsa. Ban san abin da ya gani ba. Ya jawo min benci da ƙafa. “Zauna. Ban tambaye ka ba, kak ka faɗa min.”

Ya fara nuna min abin da mutane ke kira shafin ɓoye a manhajar da nake shiga intanet da ita. Ya ce wannan wayar kawai yake hana riƙewa, amma masu rezo, wato kamfanin layin waya, suna ganin inda ka shiga, masu shafin ma sun san daga ina kake. Sai ya sauke wata manhajar dabam, mai alama kamar albasar da aka yanka biyu.

“Kai ɗan gidan albasa ne,” ya ce, “ba wanda zai yi mamakin ganin albasa ga wayarka. In yayanka ya tambaya, ka ce ta duba farashi ce, amma ba ta aiki.”

Na tambaye shi yadda take ɓoye mutum. Ya ajiye ɗan sukudirebansa ya nuna min gulbi da haɓa.

“Ka ga yadda ake ƙetarewa da kaya in gada ta cushe? Mai amalanke ya kai bakin ruwa, mai jirgi ya ƙetare, mai kabu-kabu ya karɓa can. Mai amalanke ya san ka, amma bai san inda kaya za su ba. Mai kabu-kabu ya san inda za su, bai san mai su ba. Mai jirgi ko ɗaya bai sani ba, kuma buhun ɗinke yake. To haka tambayarka za ta bi hannu uku kafin ta isa. Shi ya sa za ka ga tana nawa. Kak ka dawo ka ce min ta lalace.”

Ya shiga wurin saiti ya ɗaga tsaron zuwa matakin ƙarshe. Ya ce da haka bidiyo ba zai buɗe ba, wasu shafukan za su fito tsirara babu ado, amma rubutu zai fito, in rubutu nake nema. Ya shiga saitin madannai ya kashe abin da ke sa su koyon kalmomin da mutum ya saba rubutawa, don kada wata rana yayana ya danna harafi ɗaya wayar ta ƙarasa masa sirrina. Ya share abin da suka riga suka koya. Sannan ya lissafa min sharuɗɗa da yatsunsa masu baƙin dalma: kada in shiga da sunana ko lambata a ko'ina cikinta, kada in sauke takarda ko hoto in ajiye a wayar, kada in ɗauki hoton shafi, kuma in na gama in rufe ta gaba ɗaya.

“Kana rufewa ta manta komai. Ko ni ka kawo min ba ni iya dawo da shi. Abin da ka karanta, ga kanka kawai zai zauna. Ka gane?”

Na ce na gane. Ya miƙo min wayar, ya ce Allah Ya sa alheri ne. Har yau bai sake tayar da maganar ba.

Daga nan na samu wurin zama a bakin gulbi, ƙasa da inda mata ke wanki, gindin wata kuka inda rezon ƙasarmu ke kamawa ba ya tsallakawa na Nijar. Bayan la'asar nake zuwa. In na rubuta tambaya sai in ɗaga kai in kalli jiragen da ke ƙetarewa, in ƙirga biyu ko uku kafin shafi ya buɗe. Faransancin likitoci ya fi ƙarfina. Sai in karanta layi sau uku in fara ganewa, washegari in na dawo manhajar ta manta, ni ma na manta rabi. Wata rana na nemi wani shafi da ya yi min bayani sarai na rasa shi, na yi ta nema har aka kira magariba.

Sai hannuna ya koma ga abin da ya saba. Mutumin da tun yana yaro yake kwafe duk abin da ba ya son ya rasa, ba ya tsayawa tunani. Na ɗauko kayen daga saman kwaba, na juya shi ta baya inda akwai fararen shafuka, na riƙa tafiya da shi cikin aljihun riga. A gaba akwai zancen idanu da wata da alkawarin har abada. A baya na rubuta sunan ciwon, da yadda yake lalata iri, da sunan awon da ake yi wa namiji, da kwanakin da ake son mutum ya ƙaurace wa iyalinsa kafin awon. Kullum in na dawo sai in mayar da kayen wurinsa, don kada matata ta ga babu shi ta tambaya. Wallahi a lokacin ina ganin dabara na yi. Na kiyaye duk sharuɗɗan mai gyara, ba abin da na ajiye a waya.

Da kaka ta yi na samu dalilin tafiya Parakou da kaya. Na je wani asibiti inda ba wanda ya san ni. Kwana biyu na jira. Likitan dattijo ne, ya sa ni na zauna kafin ya buɗe takardar. Ya ce irin ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma wanda ke akwai ba shi da ƙarfi. Ya ce ba ya rufe ƙofar da Allah bai rufe ba, amma in daina wahalar da matata, ita ba a ga dalilin zarginta ba tun da ba a ma auna ta ba. Na fito na zauna a tasha, na kwafe abin da ke takardar a bayan kaye, har da maganar da ya yi kan matata, kalma bayan kalma. Takardar kuwa na yayyaga ta, na watsar ta tagar mota kafin mu isa Kandi.

A hanyar nan na tsara yadda zan faɗa mata. A littattafan da na karanta, in namiji zai faɗi babbar magana akwai ruwan sama, ko fitila, ko hawaye da ke zuba a kan hannun masoyiya. Na shirya kalmomi masu kyau. Na iso gida na tarar tana tankaɗe, ta ce sannu da hanya, ta kawo min ruwa, kalmomin suka tsere. Na ce gobe. Goben ta zama mako, makon ya zama wata biyu. Na riƙa gaya wa kaina cewa ina ɗauke da ciwon ni kaɗai don kada zuciyarta ta karye, kamar jaruman da nake so. Ina wannan tunanin, ita kuma kowace safiya tana karɓar gorar Inna da hannu biyu.

Wata Alhamis Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce an ba ta labarin wata tsohuwa a Madécali da ke gyaran mata, ana kwana bakwai a wurinta, da turare da tsarki da abin sha. Ta ce ta riga ta yi magana da mai kabu-kabu, ranar Lahadi da safe za su tafi ita da matata. Ta ce wata da aka kai ta sha wuya har an ɗauke ta ranga-ranga, amma ga ta da goyo. Na ce to, Inna. Abin da na ce ke nan.

Ranar Asabar na baro kasuwa da wuri, ana tsakiyar ciniki, yayana na kirana ban juya ba. Na tarar da matata a ɗaki tana ninke zannuwa cikin jaka. Ta rame. Ban lura da yadda wuyanta ya fito ba sai a ranar, da hasken taga ya faɗa mata. Na zauna a bakin gado na rasa ta inda zan fara. Ta gama ninkewa, ta miƙa hannu saman kwaba ta sauko da kayen, ta aza min a cinya.

“Ka ajiye shi wani wuri kafin in dawo,” ta ce. “Yaran Yaya sun fara karatu, suna shigowa ɗakin ga.”

Ta aza shi ne a juye, bayansa a sama.

“Tun yaushe?” na ce.

“Tun kafin ka tahi Parakou. Na ranar da ka dawo ma na karanta.”

“Kuma kika ci gaba da shan abin ga?”

“In na daina Inna za ta tambayi dalili. Mi zan ce mata?”

Na ce me ya hana ta yi min magana. Ta zauna a ƙasa kusa da jakar, ta jingina da bango. Ba ta yi kuka ba, muryarta ma ba ta canza ba.

“Malam, ka ɓoye abin ga ga Yaya, ka ɓoye ga Inna, har wayarka ka sa an gyara ta daina riƙe magana, na gani. Sannan ka ɗauko shi ka aje inda ka san ni kaɗai ke dubawa. Tun muna zance haka kake min magana, ka rubuta ka ba ni in karanta. Na ɗauka ka faɗa min ke nan. Na ɗauka roƙona kake in rufa maka asiri, in ci gaba da ɗaukar laifin.” Ta gyara bakin jakar. “To na ɗauka. Kwana bakwai ne, za su wuce.”

Na sha karanta inda ake cewa zuciya ta tsage, na kwafe irin layin ya fi sau goma. Abin da na ji a ranar bai yi kama da shi ba. Kunya ce, mai nauyi, irin wadda ke sa mutum ya kasa ɗaga idonsa daga tabarma. Wata biyu da wani abu tana zaton na san ta sani, tana zaton ina kallonta tana shan baƙin jiƙo da yardata. Kuma ban iya cewa ta yi kuskure ba, don ko da ban san ta karanta ba, na san abin da likita ya ce, na kuma ga gorar kowace safiya.

Na ce mata ba za ta je ba. Ta ce in bari, maganar maza ba ta da daɗin fita. Na ce ta kwance jakar. Ba ta kwance ba.

Lahadi da safe mai kabu-kabu ya iso bayan rana ta ɗan ɗaga, ya tsaya a ƙofar gida yana danna ham. Inna ta yafa mayafinta, tana neman takalmi. Na shiga ɗakinta na durƙusa. Ban tsara komai ba wannan karon. Na ce Inna, ciwon a jikina yake. Na gaya mata hangum ɗin da na ce zazzaɓi ne, na gaya mata Parakou da abin da likita ya faɗa. Maganar duka ba ta kai tsawon alwala ba.

Ta daɗe tana kallona, takalmi ɗaya a hannunta.

“Wa ya sani?”

“Ita.”

“Tun yaushe ta sani?”

Na faɗa mata. Inna ta zauna a bakin gado a hankali, ta ajiye takalmin. Ta yi salati da ƙaramar murya. Ham ɗin waje ya sake ƙara.

“Kuma ɗiyar mutane ta yi ta karɓa ga hannuna,” ta ce. Ba ni take gaya wa ba. Can ta ce, “Tahi ka sallami mutumen ga. Ka ba shi haƙuri.” Na miƙe, na kai ƙofa ta ƙara da cewa, “Maganar ga ta tsaya ɗakin ga. Kak yayanka ya ji.”

Na juyo na ce zai ji, Inna, shi da matarsa, yau. Ban taɓa mayar mata da magana ba kafin ranar. Ta dube ni, ta kau da kai.

Da na dawo daga sallamar mai kabu-kabu na ga Inna tsaye a bakin magudanar tsakar gida tana tuttule gorar. Baƙin ruwan ya bi ƙasa ya fita ta ƙarƙashin katanga. Ta ɗauraye gorar sau biyu, sannan ta nufi ɗakinmu, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama, abin da ba ta saba yi ba. Ban bi ta ba. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, kuma ban tambaya ba.

Yayana na gaya masa a rumfa da yamma, bayan masu dako sun tafi. Ya ɗauki wata albasa yana ɓare busasshen ɓawonta. Sai ya ce, “Ranar nan da na yi maka dariya…” Na ce ya wuce. Tun daga lokacin in zai ɗauki wayata sai ya ce, “In ɗauka?”

Mutanen gari har yanzu matata suke yi wa addu'a in sun gan ta a wurin suna, wasu da tausayi, wasu da abin da ya fi tausayi zafi. Na ce mata zan faɗa wa duk wanda ya yi mata magana. Ta ce na cikin gida sun ishe ta, sauran ba su ke ba ta abin sha ba. Ban tabbata daidai ne in bar shi haka ba, kuma nakan koma kan tambayar.

Yanzu shekararmu tara. Ba mu samu ba tukuna. Manhajar mai alamar albasa tana nan a wayar, saitinta yadda Bazabarmen ya bar shi. Wani lokaci bayan la'asar, in gida ya yi shiru, mukan buɗe ta tare mu nemi abin da likitoci ke cewa game da irin matsalata. Tana nawa kamar da. Ni nake riƙe wayar, ita take bin layin da yatsa, in mun kai kalmar da ta fi ƙarfinmu mu tsaya mu yi ta gardama a kanta. In mun gama ita ce ke tuna min in rufe.